Yadda Ake Zaɓe, Gwadawa da Kafa Tanti Marar Nauyi na Mutum Ɗaya a Ƙasar Maraɗi

Tambayar da masu karatu suka fi maimaita mini a ƴan watannin nan ita ce ta tantin da mutum ɗaya zai goya a bayansa ya yi tafiyar kwanaki a ƙafa ko a keke: wane iri za a saya, nawa ne kuɗinsa, kuma yaya ake kafa shi. Daga cikin masu tambayar akwai ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke fita binciken ƙasa da itatuwa, da ma'aikatan da ke bin makiyaya don rigakafin dabbobi, da ƴan sikawut, da matasan da ke son ganin karkara da ƙafarsu. Abin da nake so kowa ya riƙe tun farko shi ne yawancin waɗannan tantuna an ƙera su ne don duwatsu da dazuzzukan Turai da Amurka, inda sanyi da ruwa suka fi damun matafiyi. A nan kuwa abin da ke kashe tanti shi ne ƙaya da rairayi da zafin rana, abin da ke hana mai shi barci shi ne sauro da iskar farkon hadari, don haka da waɗannan za a auna kowane mataki da ke ƙasa.

1. Tsayar da lokacin tafiya da wurin zuwa

Kada ka fara duba tanti kafin ka san watan da za ka fi amfani da shi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin hunturu ne, babu ruwa, amma akwai ƙura da iska mai kaɗawa daga arewa maso gabas, kuma a Disamba da Janairu sanyin asuba yakan sauka ƙasa da digiri 15, wanda ya isa ya hana mutumin da bai shirya ba runtsawa. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana yakan haura digiri 40, kuma abin da ake buƙata a lokacin shi ne raga mai shigar da iska. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, da hadari da sauro da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ga wanda bai taɓa kwana a tanti ba, Nuwamba da Disamba sun fi dacewa da farawa, domin an gama girbi, gonaki sun zama fili, sauro kuma ya ragu.

Gargaɗi: akwai yankunan da bai kamata mutum ɗaya ya kwana a dajinsu ba ko da wane irin tanti yake da shi. Ƙauyukan kan iyaka a sassan Madarunfa da Gidan Runji, har da dajin Baban Rafi, sun sha fama da ƴan bindiga da masu garkuwa da mutane. Ka tambayi jandarmomi da mutanen wurin halin da ake ciki a satin da za ka tafi, ba labarin bara ba. Idan kuma gandun Gadabeji ka nufa a arewacin jihar, wanda aka keɓe tun 1955 kuma aka mayar masa da raƙuman dawa a 2018, sai ka nemi izinin ma'aikatan gandun daji, su ne za su nuna maka inda aka yarda a kwana.

2. Zaɓen irin tanti

Tantunan mutum ɗaya marasa nauyi sun rabu ta fuska biyu, kuma dole ka yanke hukunci a kan kowace.

Fuska ta farko ita ce yadda tantin ke tsayuwa. Akwai mai tsayawa da kansa, wanda sandunansa masu lanƙwasa ke ɗaga shi ko ba a kafa masa turke ba, kamar Cloud Up 1 na kamfanin Naturehike, ko da yake shi ma sai an ja ƙarshensa da turaka kafin ya miƙe sosai. Akwai kuma wanda ba ya zuwa da sanda, sai dai a tokare shi da sandar tafiya ɗaya ko biyu a ɗaure shi da igiyoyi, kamar Lanshan 1 na kamfanin 3F UL Gear mai sanda ɗaya, ko X-Mid 1 na Durston mai sanda biyu. Wannan iri na biyu, mai dogara ga sandar tafiya, ya fi sauƙin nauyi, sau da yawa bai kai kilo ɗaya ba, amma tsayuwarsa gaba ɗaya ta dogara ga turaka, kuma turke a rairayin jigawa ba ya riƙe komai sai an san dabararsa. Ga sabon shiga da zai riƙa kwana a ƙasa mai yashi, shawarata ita ce mai tsayawa da kansa, ko da zai ƙara masa giram 300 ko 400. Wanda ya riga ya saba riƙe sanda a tafiya, kuma yana da haƙurin koyon binne turaka, zai ji daɗin na biyun.

Fuska ta biyu ita ce yawan bango. Mai bango biyu yana da ɗakin ciki na raga da kuma rufin waje mai hana ruwa, ana iya raba su. Mai bango ɗaya kuwa rufin da ragar a haɗe suke. A ƙasarmu mai bango biyu ya fi amfani nesa ba kusa ba, saboda a mafi yawan watannin shekara ba ruwa ake gudu ba, sauro da kunama ne. A daren bazara za ka kafa ragar ita kaɗai ka kwana iska tana ratsa ka, rufin yana ninke kusa da kai. Mai bango ɗaya ba ya ba ka wannan zaɓi, kuma a watan Afrilu zama cikinsa azaba ne. Ka tabbata ɗakin cikin raga ne kusan gaba ɗaya, domin akwai waɗanda ake ɗinka su da yadi rufaffe don ƙasashen dusar ƙanƙara.

3. Karanta lambobin da ke jikin talla

Masu sayarwa sukan rubuta nauyi iri biyu. Ƙaramin adadin na yadi da sanduna ne kawai, babban kuwa ya haɗa da turaka da igiyoyi da jakar tantin, kuma shi ne abin da za ka ɗauka a zahiri. Tantin da cikakken nauyinsa ya tsaya tsakanin giram 900 da kilo ɗaya da rabi ya wadatar. Ban ga dalilin da zai sa mutumin Maraɗi ya ninka kuɗinsa don ya rage giram 300 ba, alhali lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma mai tafiyar yini a zafinmu yakan sha lita 4 zuwa 6 ko fiye. Ruwa ne babban nauyin jakarka, ba tanti ba.

Sai kaurin zare, wanda ake rubutawa da lamba da harafin D, kamar 10D, 15D, 20D ko 40D. Gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon sirantar yadin. Rufin 15D ko 20D yana yin aiki, amma ƙasan tanti kada ya gaza 20D, kuma idan ka samu 30D ko 40D ka ɗauka. Yadin 10D ba na ƙasar ƙarangiya ba ne.

Lambar da ke biye da haruffan mm tana nuna ƙarfin yadin wajen tare ruwa. Ka nemi aƙalla 1500 a rufi da 3000 a ƙasa, domin gwiwa da gwiwar hannu suna matsa ruwa ya ratso ta yadin ƙasa idan ya yi rauni.

Game da irin yadin, uku ne suka fi yawa. Nailan mai shafen silikon yana da ƙarfi, amma yana saki idan ya jiƙe, kuma rana tana cin sa da sauri. Foliyesta mai shafen silikon ba ya saki sosai kuma ya fi jure rana, shi ya sa na fi son sa a nan. Na uku shi ne Dyneema, wanda kamfanoni irin su Zpacks ke ƙera tantin da bai kai rabin kilo ba da shi. Ba ya shan ruwa ko kaɗan, amma tsadarsa ta wuce misali kuma gogar yashi da ƙaya suna huda shi. Sanduna kuma su kasance na alminiyam. Na zaren gilashi, waɗanda ke zuwa da tantuna masu araha, sun fi nauyi kuma sukan tsage su yi tsini idan iska ta matsa musu.

Daga ƙarshe ka duba tsawo. Ka ƙara aƙalla santimita 25 a kan tsawonka, domin bangon tanti a karkace yake, kuma kai da ƙafa bai kamata su taɓa shi ba. Tsayin rufi na santimita 95 zuwa 110 ya isa mutum ya zauna ya canja riga. Salla dai a waje za a yi ta, sai in ruwa ya tsare.

4. Kuɗi da hanyar samu

Tunda sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya kusan sefa 656, lissafin ba shi da wuya. Tantunan kamfanonin Sin da na ambata, Naturehike da 3F UL Gear, sukan kama daga yuro 100 zuwa 200, wato kimanin jaka 65 zuwa jaka 130 (jaka ɗaya sefa dubu ce). Na kamfanoni irin su MSR da Big Agnes sukan kai yuro 400 ko fiye, wato sama da jaka 260, na Dyneema kuwa sun haura jaka 300. A kan wannan za a ƙara kuɗin ɗauko kaya da na duwan (kwastan), don haka ka tambayi wanda zai kawo maka jimillar kuɗin kafin ka biya komai. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ta hannun ɗan kasuwar da ke yin odar kaya daga Sin, ko ɗan uwa mai dawowa daga waje, tunda tantin bai fi girman ƙaramin matashin kai ba idan an naɗe shi.

Wani lokaci akan ci karo da tanti a wurin masu gwanjo, a Maraɗi ko Yamai ko Kano. Kada ka biya sai an buɗe shi gaba ɗaya a gabanka. Ka shafa cikin rufin da tafin hannu: idan yana danƙo, ko yana wari mai tsami, ko shafensa yana ɓarewa yana zuba, to maganin hana ruwan ya mutu kuma ba ya gyaruwa yadda zai biya wahala. Ka ɗaga yadin ga hasken rana ka nemi huji, ka ja kowane zif sau da yawa, ka ƙirga gaɓoɓin sanduna, ka duba bakinsu ko ya tsage.

Wanda kuɗinsa bai kai ba yana da mafita mai kyau. Ya sayi yadin da ba ya shan ruwa mai faɗin mita 3 da tsawon mita 3, tela ya kalmashe bakinsa ya ɗinka masa madaukai takwas zuwa goma sha biyu, kowanne da ƙarin ƙyalle a ƙarƙashinsa don kada ya yage. Sannan a ɗinka gidan sauro na mutum ɗaya a kan shimfiɗar tamfol mara kauri, a ɗaga bakin shimfiɗar kamar santimita 10 ko'ina, a sa zif. Wannan haɗin ya fi na kanti nauyi kaɗan, amma a rani yana yin duk abin da ake buƙata, kuma duk telan da ke kusa zai iya gyara shi.

5. Gwaji a gida da toshe ɗinki

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke raba wanda zai yi barci da wanda zai kwana a zaune. Ka kafa tantin a tsakar gida da rana, ka kwance, ka sake kafawa har hannunka ya saba, sannan ka gwada da dare da hasken tocila kawai. Ka ɗora shi a sikeli da dukan kayansa don ka san ainihin nauyinsa.

Bayan haka ka rufe zif, ka sa wani ya riƙa zuba ruwa da butar ban ruwa daga sama na tsawon minti goma kana ciki kana duba layukan ɗinki. Tantuna da yawa suna zuwa da siririn tef a manne a cikin ɗinkin, waɗannan ba sa buƙatar komai. Waɗanda aka shafe yadinsu da silikon ciki da waje kuwa tef ba ya kama su, don haka sau da yawa sukan zo ba a toshe ba, aikin ya rage ga mai saye.

Ga yadda ake yi. Ka sayi silikon marar launi irin wanda masu aikin gilashi ke amfani da shi, da farin man narkar da fenti, da ƙaramin burushi. Ka matsa silikon a gwangwani mai tsabta, ka riƙa zuba man kaɗan-kaɗan kana juyawa har ya yi kaurin zuma mai ruwa-ruwa. Ka kafa tantin ya miƙe sosai, ka goge ɗinkin da tsumma, sannan ka shafa haɗin siriri a kan kowane layin ɗinki ta waje, ka fi mai da hankali ga ƙololuwa da wuraren da madaukan igiya suka kama. Ka bar shi awa 24, sannan ka barbaɗa hoda kaɗan a kan layukan don kada su manne da juna idan an naɗe.

Gargaɗi: kada ka narkar da silikon da fetur, kada ka yi aikin kusa da wuta ko a rufaffen ɗaki, kuma kada ka yi shi a ranar da hunturu ke zubar da ƙura, domin ƙurar za ta zauna a kan shafen ta bushe tare da shi. Rumfa mai iska a rana mai kwanciyar yanayi ta fi. Idan kuma cikin yadinka ba na silikon ba ne, wannan haɗin ba zai kama shi ta ciki ba, sai ka tsaya ga wajen.

6. Turaka, igiya da shimfiɗar ƙasa

Manomanmu sun raba ƙasa zuwa jigawa da geza da fadama, kuma mai tanti ma da wannan rabon zai yi aiki. Turakun da ke zuwa da tanti gajeru ne, galibi santimita 15 zuwa 18. A geza, inda ƙasa ke da tauri, suna riƙewa da kyau, matsalar ita ce shigar da su ba tare da sun lanƙwashe ba. Ka zuba ruwa kaɗan a wurin, ka jira minti biyu, sannan ka buga a hankali da dutse ko guntun ice. A jigawa kuwa gajeren turke ba shi da amfani. Ka tafi da dogaye huɗu na santimita 25 zuwa 30 don kusurwoyi, maƙeri zai iya yanka maka su daga siririn ƙarfe, ko kuma ka koyi binnewa: ka ɗaura igiya a tsakiyar guntun ice mai tsawon kamu ɗaya da rabi, ka haƙa rami mai zurfin santimita 25 zuwa 30, ka kwantar da icen a gicciye, ka mayar da yashi ka tattake. Ƙaramin buhu da aka cika da yashi aka binne shi ma yana yin wannan aikin. Don haka ka riƙe ƙarin siririyar igiyar nailan kamar mita 10, saboda igiyoyin da ke jikin tanti ba su da tsawon da za a binne.

Shimfiɗar ƙasa a nan dole ce. Ƙarangiya da tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa suna huda siririn yadi cikin dare ɗaya, gara kuma takan taso ta ci abin da ya kwana a kanta. Leda mai kauri ko buhunan hatsi biyu da aka farke aka haɗa sun isa. Ka yanke ta ta gaza ƙasan tantin da kamar yatsa uku ta kowane gefe. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin ta ta leƙo waje, sai ruwan da ke gangarowa daga rufi ya taru a kanta ya shige ƙarƙashin mai barci. Idan katifar hurawa gare ka, ka sani ƙaya ɗaya ta ishe ta. Siririyar katifar soso mai naɗewa ta fi dacewa da ƙasarmu.

7. Shirya jaka

Ka raba tantin: yadi a tsakiyar jaka kusa da baya, sanduna a tsaye a gefe, turaka a jakarsu daban don kada su huda komai. A damina rufin ya kasance a sama inda hannu zai kai gare shi da sauri. Nauyin jakar gaba ɗaya, har da ruwa, kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka. Kada ka rataya tantin a wajen jaka, domin hanyoyin daji cike suke da rassan ƙaya.

8. Neman izini da zaɓen wurin kwana

A ƙasar Maraɗi da wuya ka samu filin da ba shi da mai shi, kuma baƙon da aka gani ya kafa tanti a bayan gari da magariba ba tare da sallama ba zai tayar da hankalin mutane, musamman a wannan zamani. Ka isa ƙauye da la'asar, ka tambayi gidan mai gari, ka yi sallama ka gaisa yadda ya kamata, sannan ka ce: "Ranka ya daɗe, ni baƙo ne daga Maraɗi, tafiyar ƙafa nake yi, dare ya kusa, ina neman inda zan kafa ɗan tantina in kwana, da safe in wuce." Ka nuna takardar shaidarka ko ba a tambaya ba. Sau da yawa za a ce maka: "Ɗana, ga zaure, me zai kai ka waje?" Idan haka ta faru ka karɓa da godiya, ragar tantin tana kafuwa a zaure ma. Idan wurin makiyaya ne, ka nemi dattijon ruga, kuma ka tsaya daga nesa ka yi sallama saboda karnuka.

Wajen zaɓen wuri, ka nemi ɗan tudu mai shimfiɗaɗɗen bisa. Kada ka kwana a cikin gulbi ko ƙorama ko da a bushe suke ƙurmus, domin Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake tasowa, kuma ruwan da aka yi a nesa yakan iso wurin da ko ɗigo bai sauka ba. Ka nisanci fadama da bakin tafki da aƙalla mita 100 saboda sauro da raɓa. Ka kauce wa burtali da hanyar mashaya, inda garke ke bi da asuba, da gonar da ba a girbe ba, da maƙabarta. Ƙarƙashin gawo yana da daɗin inuwa a rani, amma dabbobi suna taruwa a wurin don ƴaƴansa, ƙasan cike take da ƙaya da kaska, kuma busasshen reshe yakan faɗo. A damina kada ka kusanci dogon icen da ke tsaye shi kaɗai, kuma kada ka hau ƙololuwar tudu, domin tanti ba ya kare kowa daga tsawa. Ka duba ƙasa da kyau: suri, da hanyar tururuwa, da ramuka, da tarin karmami ko duwatsu, duk alamu ne na a matsa gaba.

9. Kafawa

Ka fara aƙalla awa ɗaya kafin magariba, domin duhu yana saurin rufewa a nan.

Da farko ka share wurin da reshe ko da gefen takalmi, ba da hannu ba, sannan ka tsuguna ka tsince ƙayar da ta rage. Ka kwanta a kan shimfiɗar na ɗan lokaci don ka ji ko akwai tudu ko gangare. Idan akwai gangare kaɗan, kai ya kasance a sama.

Na biyu, ka san inda iska za ta fito. A hunturu daga arewa maso gabas take, don haka ƙofa ta kalli kudu ko yamma. A damina iskar yau da kullum daga kudu maso yamma take, amma hadari daga gabas yake tasowa da guguwar ƙura kafin ruwa, kuma ita ce ke tuge tanti. Saboda haka ɓangaren tantin da ya fi ƙanƙanta da gajarta shi ne zai fuskanci gabas, ƙofa kuma kada ta kalli can.

Na uku, ka shimfiɗa tantin da dukan zif a rufe, ka fara kafa turakun ɓangaren da iska ke bugowa, sannan sauran. Kusurwoyin su ja daidai ba tare da wani ya fi wani ba. Idan ƙasan ya karkace tun a nan, babu jan igiyar da zai gyara shi daga baya. Kowane turke ya shiga a karkace, kansa yana kallon nesa da tantin, kuma a nutsar da shi har kusan kai.

Na huɗu, ka ɗaga. Idan mai sandunan lanƙwasa ne, ka haɗa gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya ka tabbata kowace ta shige har ƙarshe, kada ka wurga su su haɗe da kansu, kuma kada bakinsu ya taɓa yashi. Idan na sandar tafiya ne, irin su Lanshan 1 suna son tsayin santimita 120 zuwa 125; a jigawa ka sa ɗan faifan dutse ko murfin gwangwani a ƙarƙashin sandar don kada ta nutse cikin dare.

Na biyar, ka ɗora rufi ka ja igiyoyin gefe duka, ko da sama garau take. Rufin kada ya taɓa ragar ciki. Bayan rabin awa, da kuma kafin ka kwanta, ka sake zagayawa ka ƙara ja, musamman idan nailan ne, domin yana saki da zarar sanyi da laima sun sauka. Kada ka ja har zif ya riƙa yin tauri, wannan alama ce ta an wuce iyaka.

Idan ka hango hadari ya haɗo, ka rage tsayin sanda kaɗan don bakin rufi ya kusanci ƙasa, ka ɗora duwatsu ko yashi a kan turaka, ka shigar da jakarka ka ajiye ta ta ɓangaren gabas a ciki.

10. Cikin dare

Zif ɗin raga ya kasance a rufe a kowane lokaci, ko fita ɗaya za ka yi ka dawo. Takalma su kwana a ciki ko a cikin leda a ɗaure, kuma da safe a zazzage su kafin a sa ƙafa, saboda kunama. Kada ka fita da dare ba takalmi ba tocila, domin kububuwa da dare take yawo kuma launinta ya saje da ƙasa. Idan sara ya auku, kada a tsaga wurin kuma kada a ɗaure da ƙarfi. A hana gaɓar motsi a nufi asibiti mafi kusa nan take. Raga tana rage cizon sauro amma ba ta hana wanda aka yi maka kafin ka shiga, don haka zazzaɓin da ya biyo bayan tafiya a kai shi gwaji.

Gargaɗi mafi girma: babu wuta a cikin tanti ko a ɗan zaurensa, wato ɗan filin da rufi ya rufe a bakin ƙofa. Ba risho, ba gawayi, ba kyandir, ba maganin sauro na kunnawa, ba taba. Wannan yadi yana narkewa cikin daƙiƙoƙi ya manne a fata, hayaƙin gawayi kuma yana kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Ka dafa shayinka aƙalla taku biyar daga tantin, ta ɓangaren da iska ke tafiya, ka kashe wutar da yashi har ta huce. A yankin makiyaya na Dakoro da Bermo, inda busasshiyar ciyawa ke rufe ƙasa bayan damina, garwashi ɗaya yana iya ƙone abincin dabbobin jama'a masu yawa.

Idan ka farka ka ga cikin rufin ya jiƙe alhali ba a yi ruwa ba, ba yoyo ba ne, numfashinka ne da laimar ƙasa suka taru. Maganinsa shi ne barin tagogin sama a buɗe da ɗaga bakin rufi kaɗan, sannan a goge da tsumma da safe. Abinci kuma a ɗaure shi a leda biyu, domin cinnaka da ɓera suna huda raga su kai gare shi.

11. Kwancewa, gyara da ajiya

Ka kwance tantin kafin hantsi. Barin sa a tsaye cikin rana yini guda yana cin ƙarfin yadin fiye da kwanaki da yawa na amfani da dare; idan za ka yi kwana biyu a wuri ɗaya, ka cire rufin da safe ka mayar da yamma. Ka buɗe ƙofa ka juye ɗakin ciki ka zazzage yashi, ka tsince ƙarangiyar da ta maƙale a raga da yatsa a hankali maimakon fizga, ka ƙirga turaka, ka cike ramukan da ka haƙa, ka kwashe sharar da ka tara, sannan ka koma ka yi wa mai gari ban kwana.

Zif ne ke fara mutuwa a ƙasar ƙura. Bayan kowace tafiya ka goge haƙoransa da tsohon burushin haƙori da ruwa, kuma kada ka sa masa mai, domin mai yana kama yashi. Idan ya fara buɗewa ta baya bayan an ja shi, kan zif ɗin ne ya saki: ka matse shi kaɗan da filaya ta gefe biyu, idan bai yi ba tela ya canja kan kawai. Ƙaramin huji a yadin silikon ana toshe shi da ɗan ƙyallen da ke zuwa da tantin da shafen silikon ta ciki da waje, a danne shi ya kwana. Hujin raga kuwa allura da zare sun isa. Sandar da ta karye a hanya ana zura mata ɗan bututun gyara da ke cikin jakar turaka a naɗe da tef, don haka kada ka bar wannan bututun a gida.

Kada a wanke tanti a inji ko da sabulun gari mai ƙarfi. Ruwa da soso mai laushi sun wadatar, a shanya a inuwa. Kada a naɗe shi da laima ko ta kwana ɗaya ce, domin fumfuna yana kama shi ya bar wari da tabo. A gida a ajiye shi a sake cikin babban buhun yadi, a rataye nesa da ƙasa saboda gara da ɓera, kuma ba kusa da rufin kwano ba, inda zafin bazara ke narkar da tef ɗin ɗinki. Kafin ruwan farko, a fito da shi a kafa a tsakar gida a maimaita gwajin butar ban ruwa, a sake shafa silikon a duk layin da ya nuna ɗigo.